Yadda zaka bi dokar titi a Amurka, inda kowace jiha da nata tsarin

Abinda yake rikita sabon zuwa Amurka shine allunan hanya duk kala ɗaya ne, danjar da zaka gani a Niyok ita ce a Ohio ita ce a Teksas, saboda gwamnatin tarayya ce ta tsara kamanninsu. Sai mutum ya ɗauka dokar ma ɗaya ce. Ba ɗaya bace wallahi. Jihohi 50, kowacce majalisarta ce ke rubuta mata dokar tuƙi, ita ke bada lasin, ita ke yanke tara, wani lokacin ma birni ya ƙara nashi akan na jiha. Abinda ka saba yi kullum a Greensboro ta North Carolina kana shiga unguwar Bronx ta birnin Niyok dashi sai a miƙo maka tikitin tara.

Toh farko dai, ka nemi littafin direba na jihar da kake. Kyauta ne a shafinsu na intanet, ka saukeshi a waya. Sunan ofishin ma ba ɗaya bane: a Niyok da Kalifoniya DMV ake cewa, Ohio BMV, Maryland MVA, Jojiya DDS, a Illinois da Michigan kuwa ofishin sakataren jiha ne ke bada lasin. In ka koma wata jiha da zama akwai wa'adin canza lasin, Kalifoniya kwana 10 kacal, Niyok da Ohio 30, Maryland da North Carolina 60, Teksas 90. Kar ka dogara da "abokina yace". Abokin naka ƙila dokar jihar da ya baro yake faɗa maka.

Yanzu danja, dan anan aka fi samun matsala.

A kusan ko ina a Amurka in danja ta bada ja kana iya yin kwana ta hannun dama, amma da sharaɗi: sai ka tsaya cak tukuna, taya ta daina juyawa gaba ɗaya, ka duba babu mai tafiya a ƙafa babu keke babu mota mai zuwa, sannan ka shiga. Wannan rage gudu da mutane keyi su sulale, laifi ne, kuma kyamara na kamawa. In kaga allo an rubuta NO TURN ON RED, shikenan ka jira kore. Wannan doka ta bazu ne lokacin tsadar mai na shekarun 1970, dan motoci su rage ƙona fetur a tsaye. Birnin Niyok shine akasin haka, a cikin birni haramun ne kwana akan ja sai inda allo ya baka izini, amma kana fita birnin ka shiga sauran jihar ya halatta. Kaga jiha ɗaya doka biyu. Sannan jar kibiya: a Kalifoniya baka kwana akanta ko kaɗan, a Oregon kana iya yi bayan ka tsaya. In kana shakka kawai ka jira, babu dokar da tace dole ka yi kwanar, na bayanka yayi ta hon ɗinshi.

Ja mai ƙiftawa daidai yake da allon STOP, ka tsaya ka duba ka wuce. Ruwan ɗorawa mai ƙiftawa, rage gudu ka wuce a hankali. In wuta ta ɗauke danja ta mutu gaba ɗaya, yawancin jihohi sunce kowa ya tsaya kamar akwai STOP ta ko wane ɓangare, ba wai mai ƙarfin hali ya kutsa ba. Irin wannan mahaɗar, da wacce aka rubuta ALL WAY a ƙasan allon, ƙa'idarta wanda ya riga tsayawa shi ke fara wucewa, in kun iso tare na hannun damanka ne da hanya. Da farko abin zai baka dariya, motoci huɗu kowa na kallon kowa, amma yana aiki.

Batun kyamara shima ya danganta. Teksas ta haramta kyamarar danja a 2019. Birnin Niyok kuwa kyamarorin gudu na kusa da makarantu dare da rana suke aiki tun Agustan 2022, dala 50 duk kamu ɗaya, takardar ta sameka a gida ta akwatin wasiƙa. Gudun cikin birnin mil 25 ne a awa in babu allon da ya faɗi wani abu daban.

Tunda an zo maganar gudu, dan Allah ka kula da Virginia. A can in ka haura ƙa'ida da mil 20, ko ka wuce mil 85 a awa ko a wace hanya ce, ba tikitin da zaka biya ka manta bane, tuƙin ganganci ne, laifi ne da ake zuwa gaban alƙali kuma ya zauna a fayil ɗinka. Ga wanda yake kan neman takardun zama wannan ba ƙaramin abu bane. Abin mamaki mil 85 ɗin nan shine halastaccen gudu a wani yanki na hanyar 130 a Teksas.

Sai motar makaranta, doguwar nan mai ruwan ɗorawa. In ta kunna jajayen fitilu ta buɗe ɗan allon STOP na gefenta, ka tsaya, ko a bayanta kake ko kana fuskantarta, har sai ta kashe fitilun. Ba a wasa da wannan ko kaɗan. Inda jihohi suka rabu shine babbar hanya: a Ohio in titin layi huɗu ne ko fiye, wanda ke tahowa ta ɗaya hannun ba sai ya tsaya ba, a Niyok ko da akwai shinge a tsakiya dole ka tsaya, tarar farko dala 250 zuwa 400. Haka in kaga motar ƴan sanda ko ambulan ko ƴan kwana-kwana a fake gefen hanya da fitilu a kunne, ka matsa layi na gaba, in babu hali ka rage gudu sosai. Wannan kam duk jihohi 50 suna da ita.

Waya a hannu kana tuƙi, Niyok ta hana tun 2001, Jojiya 2018, Ohio 2023. Shawarata kar ka tsaya lissafin wace jiha ta hana wacce bata hana ba, sayi abin maƙale waya ka huta. Bel kuma New Hampshire ce kaɗai bata tilasta wa manya ba. In ka shiga gidan mai a New Jersey kar ka fito, doka ta hana ka zuba da kanka, ma'aikaci ne zai zuba.

In ɗan sanda ya kunna maka fitila, saka sigina ka faka a dama, kashe mota, sauke gilas, hannu biyu akan sitiyari. Kar ka fito ka nufeshi da niyyar gaisuwa da bada haƙuri, a can ganin barazana suke yiwa hakan. Kafin ka buɗe aljihun mota ɗauko takardun inshora ka faɗa mishi. Maganar "na goro" kuwa ko da wasa kar ta fito bakinka, gidan yari ne. Sa hannu a tikiti ba amsa laifi bane, alkawari ne zaka biya ko zaka je kotu, kuma kana da damar zuwa ka kare kanka. Abinda ke kashe mutane shine jefa takardar a mota a manta, wata rana sai kaji an dakatar da lasin ɗinka, kuma yawancin jihohi suna sanar da juna, so gudu wata jiha baya wankeka.

Keke.

A dokar yawancin jihohi mai keke direba ne. Hannun da motoci ke bi zaka bi, ba ka fuskancesu ba, danja ta shafeka, da daddare farar fitila a gaba, ja ko abu mai ƙyalli a baya. Amma ga inda abin yake da daɗi: tun 1982 jihar Idaho ta yarda mai keke in ya iso allon STOP ya rage gudu ya duba, in babu kowa ya wuce ba sai ya sauke ƙafa ba, jar danja kuma ya tsaya ya duba sannan ya wuce. Shekaru da yawa su kaɗai ne, sai Delaware ta bi a 2017, Arkansas 2019, Oregon da Washintan 2020, Colorado 2022, Minnesota 2023. Ba dukansu suka ɗauki dokar gaba ɗaya ba, wasu allon STOP kawai suka yarda banda danja, dan haka ka duba. A Kalifoniya majalisa ta amince a 2021 gwamna yaƙi sa hannu, har yau tsayawa ake. Ni a ganina dokar Idaho tafi hankali, amma ra'ayina baya biya maka tara.

Kai mai mota kuma, in zaka wuce mai keke yawancin jihohi sunce ka bar mishi ƙafa 3, kusan mita ɗaya, Pennsylvania tace 4. Kuma ka duba madubi kafin ka buɗe ƙofa.

Hular kwano babu jihar da ta tilasta wa babba mai keken ƙafa, yara ne, Kalifoniya ƙasa da shekara 18, Niyok ƙasa da 14. Sai dai in kana aikin kai abinci a birnin Niyok, wanda ƴan uwa da yawa daga Afirka ta Yamma ke yi, kai hular dole ce gareka. Hawa keke akan hanyar masu ƙafa ma haramun ne a birnin sai yaro ɗan shekara 12 zuwa ƙasa.

Keke mai batir sun kasashi aji uku, ka nemi ƴar takardar da aka liƙa a jikinshi kafin ka biya kuɗi. Aji na 1 sai kana taka feda injin ke taimaka maka, iyakarshi mil 20. Aji na 2 yana da totur, shima mil 20. Aji na 3 yana kai mil 28 a yawancin jihohi, a jihar Niyok 25 ne kuma cikin birnin Niyok kawai aka yarda dashi. Jihar ta halasta su ne a 2020, daga baya birnin ya sa musu iyakar mil 15 a 2025. Abinda bashi da feda kwata-kwata, mai kama da ƙaramin babur, wannan ba keke bane a idon doka, yana buƙatar lamba da lasin kuma baya shiga layin kekuna. Mai shago zai iya ce maka babu matsala, ranar da aka ƙwace ba zaka ganshi ba. Batir kuma ka sayi mai tambarin UL, wato shaidar an gwada ingancinshi, birnin ya hana sayar da marasa shi tun 2023 saboda gobarar da suke tayarwa a gidaje.

Akwai kuma hanyoyin keke na musamman da mota bata shiga, da yawansu tsohon layin dogo ne aka cire ƙarafen aka gyara, wata dokar tarayya ta 1983 ce ta buɗe ƙofar hakan. Katy a Missouri mil 240 ce, ta Empire a jihar Niyok mil 750, sai dai ita wani ɓangarenta akan titin mota yake. Waɗannan mai hanyar ne ke kafa ƙa'ida, jiha ko ƙaramar hukuma, kuma a allon bakin shiga ake rubutawa, tsaya ka karanta. Wasu ana rufewa in rana ta faɗi, wasu basa karɓar aji na 3. Ka riƙe dama, masu ƙafa ne da hanya, in zaka wuce mutum ka kaɗa ƙararrawa ka bi ta hagunshi. Inda hanyar ta ratsa titin mota yawanci kai ne ke da STOP, ba motar ba.

Jirgin ƙasa kuma, wajen tsallaka layin dogo in jajayen fitilu suka fara ƙiftawa ka tsaya nesa da layin, yawancin jihohi tsakanin ƙafa 15 zuwa 50 suka ce. Kar ka zagaye sandar ko da baka ga komai ba, jirgin kaya dake gudun mil 55 yana cin mil ɗaya ko fiye kafin ya tsaya. In gosulo ne kar ka hau layin sai kaga akwai filin da zai ɗauke motarka gaba ɗaya a ɗaya gefen. Bas da tankar mai su dole su tsaya a kusan ko wane layi ko babu jirgi, kar ka matse musu baya. Mai keke ya tsallaka a miƙe, in ka shiga a karkace taya na faɗawa ramin.

In mota ta mutu maka akan layi, kowa ya fita nan take. Nemi ƙaramin allo shuɗi a jikin sandar fitilar, akwai lambar waya da lambar wajen, kira su su tsayar da jirgi, shi ya kamata ka fara kira kafin ma lambar gaggawa ta 911. In jirgin ya riga ya taho, ku gudu ta ɓangaren da yake tahowa amma kuna nisantar layin a karkace, saboda tarkacen motar gaba zasu watsu. Tafiya akan layin dogo dan yanke hanya ko ɗaukar hoto shiga gonar wani ne, ana kamawa.

Shiga jirgin ma jiha ce ke yanke maka ko zaka samu. Amtrak na tarayya ne, ya fara aiki 1971, amma tun dokar 2008 yawancin hanyoyin da basu kai mil 750 ba jiha ce ke biyan kuɗinsu. Shi yasa North Carolina ke da jirgin Piedmont mai zirga-zirga tsakanin Raleigh, Greensboro da Charlotte sau da yawa a rana, amma Columbus ta jihar Ohio duk girmanta rabonta da jirgin fasinja tun 1979, Wyoming da South Dakota kuwa babu Amtrak ɗin sam. Kafin ka karɓi aiki a wani gari da tunanin zaka riƙa bin jirgi, duba ko akwai. In zaka hau da keke a Amtrak sai ka kama mishi waje tun wajen sayen tikiti, wasu hanyoyin ana biya har dala 20. Jiragen kewayen Niyok irinsu Metro-North da LIRR basa ɗaukar keke a jiragen lokacin cunkoso na safe da yamma, sai irin mai naɗewa, kuma ka sayi tikitinka a waya ko a injin tasha kafin ka shiga, in ka bari sai a ciki kwandasta zai caje ka ƙari.