Kajin Gida da Damina: Ki Fara da Ƙasan Akurki

Babbar kaza ba ta tsoron ruwan sama. Hadari na tasowa za ta nemi gindin rumbu ta fake, in an ɗauke ta karkaɗe jiki ta koma tononta. Abin da ke kashe mana kaji da damina shi ne danshin da suke kwana a kai. Shi ya sa nake fara gyara daga ƙasan akurki, tun kafin ruwan farko ya sauka.

Ki cike daɓen akurkin ya fi tsakar gida tudu, ko da kamu ɗaya ne, ki ja 'yar kwata ta zagaye shi. Hadarinmu yawanci daga gabas yake zuwa, don haka wannan ɓangaren za ki kare da buhu ko tsohon kwano. Amma don Allah kada ki naɗe akurkin kaf da leda kamar ƙullin magani. Kaji na buƙatar iska ta ratsa ta sama, in ba haka ba warin kashinsu zai shaƙe su, mura ta biyo baya.

A ƙasa ki zuba buntun shinkafa ko dusar katako ta wajen kafintoci, kaurin yatsa huɗu. Ni da safe nakan damƙi kaɗan a hannu. In ya watse, lafiya lau. In ya dunƙule ya manne a tafina, ranar zan kwashe shi, musamman na gindin mazubin ruwa, in kai gona ya zama taki. Kada ki raina wannan aikin. A cikin jiƙaƙƙen buntu mai ɗumi ƙwayar cutar zawon jini ke ƙosawa, cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma 'yan tsaki masu sati 3 zuwa 6 ta fi kamawa. Za ki ga ɗan tsako ya takure, fukafukai a sake, ido a lumshe, kashinsa da jirwayen jini. Kina ganin haka ki ware shi, ki je shagon magungunan dabbobi a ba ki amprolium na zubawa a ruwan sha, ki bi ƙa'idar da aka gaya miki har ƙarshe.

'Yan tsaki dai su ne abin tausayi. Gashinsu shan ruwa yake, ba ya zame shi, raɓar safiya kaɗai ta isa ta kwantar da su. Ki kife su da uwarsu a kwando a inda ba ya jiƙa, sai hantsi ya ɗaga ciyawa ta bushe ki sake su. Wanda ruwa ya doka, ki goge shi da tsumma, ki sa shi a kwali kusa da kaskon garwashin da ya gama hayaƙi, ƙofar ɗakin a buɗe.

Dusa da tsakin masara kuwa, ki riƙa sayen kaɗan-kaɗan, ki ɗora buhun a kan katako nesa da bango. Duk abin da ya yi funfuna ki zubar, ko an shanya shi gubar na nan, hanta take lalatawa. Shinge da ƙwari suna ƙara musu jiki a wannan lokacin, sai dai tanar da suke tsinta na kawo tsutsar ciki, ki ba su maganin tsutsa a tsakiyar damina.

Tunda ƙasa ta jiƙe ba su da inda za su yi birgima, ki ajiye musu tsohon baho da toka da busasshen yashi a rumfa, shi ke rage ƙwarƙwata.

Ruwa na fara ja baya a Satumba ki nemi rigakafin fakat, wato annobar kaji da ake kira Newcastle, don da hunturu ta fi ɓarna. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, a Jihar Filato, tana haɗa shi, malaman dabbobi suna samo shi. Kaji masu lafiya ake yi wa, a maimaita bayan wata 3 zuwa 4. Ki kuma sa yara su nome ciyawar bayan akurki, nan maciji da gafiya ke laɓewa su shigo wa ƙwai da dare.