Last, final ko latest? Ga yadda za ka raba su

Jama'a mu a Hausa kalmar "ƙarshe" ita kaɗai take mana aiki ko'ina, amma Bature ya rarraba nasa gida-gida, kuma nan ne yaranmu na Jos suke zubar da maki a WAEC da JAMB, abin yana damuna sosai don ba wuya gare shi. Kafin ka zaɓi kalma tambayi kanka abu ɗaya: bayan wannan akwai wani mai zuwa ko babu?

In akwai, latest za ka ce. Ka shiga kasuwar Terminus neman waya mai shago ya ɗauko maka wadda ta fito kwanan nan, wannan latest ce, don baɗi kamfanin zai sake fito da wata, in ka kira ta last kamar kana cewa sun daina ƙera waya ne gaba ɗaya. Haka latest news, labarin da ya shigo yanzu-yanzu kenan.

In babu, sai last ko final. Shi last layi yake bi, Disamba ita ce last month a shekara, Z shi ne last letter, motar da za ta tashi zuwa Bauchi bayanta babu wata ita ce last bus. Final ya fi nauyi, an rufe magana kenan. Ɗalibin Unijos da ke shekarar fita yana final year, wasan da za a ɗaga kofi final ne, hukuncin Kotun Ƙoli ma final ne tunda ba inda za ka ɗaukaka ƙara. Amma fa a kula, last week makon jiya ne, last year kuma bara, a nan ma'anarsa wanda ya wuce.

Penultimate kam ina roƙonku ku riƙe shi da kyau, mutane suna jin tsawonsa sai su ɗauka wani babban abu ne, alhali na kusa da na ƙarshe kawai yake nufi, Nuwamba kenan a watanni, Y a haruffan Turanci.

Latter sai abu biyu aka ambata, na biyun yake nufi. Aka ce maka shayi ko kunu, kana son kunu, the latter. In sun kai uku koma wa last.

Sai at the end da in the end, su ma suna rikita mutane. At the end of the road, at the end of the month, wuri ko lokaci yake nunawa kuma yawanci of na biye da shi. In the end kuwa daga ƙarshe ne, bayan an sha fama, misali an yi ta kai-komo kan kuɗin haya, in the end mai gida ya rage. Yau ka rubuta jimla bibbiyu da kowacce ka tura wa malaminka na Turanci ya duba maka.