Yadda ake kare kai da dabbobi daga gizakar bishiyar fayin

Duk wanda ya taɓa zama a kudancin Faransa, Sifaniya, Italiya ko Aljeriya ya ga bishiyar fayin mai ganye kamar allura. A lokacin sanyi za ka hangi wata farar saƙa a ƙarshen rassanta, sai ka ce yanar gizo-gizo aka cure. Gidan gizaka ke nan. Da dare suke fitowa su cinye ganyen, daga Fabrairu zuwa Afrilu kuma su sauko ƙasa a jere, kan wannan a bayan wancan, su je su binne kansu.

Haɗarin yana cikin gashinsu. Ƙanana ne ƙwarai, iska tana kwasarsu, suna jawo ƙaiƙayi da ƙuraje da kumburin ido, wani har numfashinsa ya sarƙe. A shekarar 2022 Faransa ta sa gizakar nan cikin jerin halittu masu cutar da lafiyar ɗan Adam.

Da farko, duba bishiyarka tun Nuwamba. In ka ga saƙar, sa doguwar riga, safar hannu, tabarau da takunkumi, ka yanke reshen da rana lokacin da suke ciki, ka ɗaure shi a leda biyu. In saƙar ta yi nisa a sama, kira masu aikin, kada ka hau.

Kafin su fara saukowa, ɗaura tarko a gindin bishiyar: zobe ne da yake kewaye ta, yana tura su cikin jaka mai ƙasa a ciki. Feshin maganin Bacillus thuringiensis, wata ƙwayar bakteriya mai kashe gizaka, kuwa a Satumba ko Oktoba ake yi, tun suna ƙanana.

Abin da ya fi damuna kare ne da yara. Jerin yana jan hankalinsu. Kare in ya lasa, harshensa yakan kumbura, ya yi ta dalala, wani ɓangaren harshen ma yakan mutu. Kurkure masa baki da ruwa mai yawa ba tare da gurzawa ba, ka garzaya wurin likitan dabbobi nan take.

In mutum ne gashin ya taɓa, kada ya sosa. Ya cire tufafin a wanke da ruwan zafi, ya manna salatif a wurin ya ɗebe gashin, ya yi wanka da sabulu. In ido ne ko numfashi, sai asibiti. Kada a share jerinsu da tsintsiya, gashin tashi yake yi.