Kurakuran da aka fi yi wajen harhaɗa ƙaramin jirgin yaƙi a zafin Damagaram

Duk wanda ya tashi a Birni ko Zango ya yi motar kara, wasunmu ma sun kai ga jirgin kara mai farfelar gwangwani. Harhaɗa ƙananan jiragen yaƙi na roba ƴar'uwar wannan ce, sai dai ita a kwali take zuwa da takardar bayani, kuma ba ta yafe gaggawa. Kwalina na farko ƙanena ne ya zo mini da shi tsaraba daga Faransa, ƙaramin Hurricane na kamfanin Airfix, wato jirgin saman yaƙin Ingila na Yaƙin Duniya na Biyu. Na haɗa shi a yini guda, na ɓata shi a yini guda. Sai daga baya na gane cewa takardar nan ta cikin kwali don mutanen ƙasashen sanyi aka rubuta ta. Ba ta san ƙurar hunturu ba, ba ta san ɗakin kwano a watan Afrilu ba.

Fara riƙe lamba ɗaya, domin yawancin kurakuran daga mantawa da ita suke. In an rubuta 1/72 a jikin kwali, ana nufin an rage jirgin sau 72. Faɗin fukafukan Hurricane mita 12.19 ne, a tafin hannunka ya koma kusan santimita 17. Na Spitfire, shi ma jirgin Ingila, mita 11.23, ya koma 15.6. Ke nan milimita ɗaya a kan naka ya haura santimita 7 a kan na gaske. Ɗigon gam da kake rainawa, a jikin jirgin gaske curin fura ne.

Kuskuren farko tun kafin a buɗe gam ake yinsa: murɗe sassa da hannu daga sandunan robar da suke manne. Murɗewa takan tafi da naman sashen, ta bar rami. Sa abin yankan akaifa ka yanke nesa kaɗan, ka rage sauran da reza, ka bi da sanfefa mai lamba 600 ko 1000. Ka wanke sassan da ruwan sabulu don maiƙon masana'anta da na hannunka, sannan ka gwada kowane biyu a bushe kafin ka manne su. Kuma kada ka cire komai sai lokacinsa ya zo, don lambar kowane sashe a jikin sandar take.

Sai gam, inda aka fi zubar da hawaye. Da yawa muna miƙa hannu ga sufa gulu na shago saboda shi ke kusa. Yana kamawa kafin ka daidaita, kuma tururinsa yakan bi murfin nan mai haske na ɗakin matuƙi ya mayar da shi fari fat kamar idon da yana ta rufe. Gam ɗin da aka yi don wannan roba, irin na Revell ko Tamiya, ba manna yake yi ba, narkar da fuskokin biyu yake su zama abu ɗaya, kamar walda. Shi ya sa in ya yi yawa yake cin zanen jikin jirgi, in kuma ya taɓa yatsanka ka dafa fiffike, to ka buga tambarin yatsa kamar mai zaɓe. Gyaran wannan shi ne ka ɗaga hannu. Kada ka goge yana ɗanye. Bar shi ya kwana ya ƙeƙashe, ka bi da sanfefa a hankali. A shafa gam da tsinken sakace, kaɗan. Murfin matuƙi kuwa, farin gam na kafintoci ya ishe shi: in ya bushe ba a ganinsa, kuma ba ya ƙona roba. Sufa gulu yana da ranarsa wuri guda. In ka haɗa gangar jiki ka ga tsaga ta rage a tsakiya, kwaɓa shi da ƴar hoda ka cike, ka goge kafin awa guda ta wuce, don in ya daɗe yakan fi robar tauri.

Kafin ka rufe ɓari biyu na gangar jiki, ka fente ciki. Ɗakin matuƙi a jiragen Ingila kore ne mai ruwan toka, allon agogo baƙi. Wanda ya rufe sannan ya tuna, sai dai ya yi ta leƙe da burushi ta ƴar kafa. Jirage masu taya a hanci, irin P-39, suna son a ɓoye musu nauyi a gaba tun a wannan mataki, in ba haka ba su zauna kan jela; Hurricane da Spitfire ba ruwansu da wannan.

Ƙafafu ma ana juya su. Na Hurricane a buɗe suke, ciki suke naɗewa. Na Spitfire a matse suke, waje suke naɗewa. Ka tsaya ta gaban hanci ka duba fukafukan sun ɗaga daidai da juna tun gam bai kama ba, ka tokare su da kwalayen ashana su kwana haka.

Yanzu fenti, wanda nan ne garinmu yake nuna halinsa. Kuskuren kowa shi ne son rufe launi da shafa ɗaya, kai tsaye daga gwangwani. Sakamakon: kauri, sawun burushi, da layukan jikin jirgi duk sun nutse. Sirka fentin ya yi kamar madarar da aka tatso yanzu, ba kindirmo ba, ka yi shafa biyu ko uku, kowace ta bushe kafin ta gaba. Shafar farko za ta yi muni, ka haƙura da ita. Fenti mai ruwa da ruwa ake sirka shi, fentin mai kuma da nasa sinadarin mai sanyi. Kada ka je garejin masu fentin mota ka ɗebo nasu abin sirki. Ƙarfinsa ya fi ƙarfin wannan roba, zai sa ta yamutse kamar fatar da aka gasa.

A bazara, lokacin da zafi yake haura digiri 40, fenti mai ruwa yakan bushe a bakin burushi kafin ya isa fiffike. Ni bayan sallar asuba nake fenti, ko da dare in gari ya huce, kuma ina zuba shi kaɗan-kaɗan a murfin kwalba maimakon barin gwangwani a buɗe. A hunturu kuma abokin gaba ƙura ce. Ka kashe fanka, ka yayyafa ruwa a ƙasan ɗaki, da ka ajiye burushi ka kife jirgin da roba ko ƙwarya mai tsabta. In duk da haka ƙura ta hau, kada ka tsince ta da farce yana ɗanye, garin neman gira ka rasa ido. Bari ya bushe, sanfefa 1000 da ɗan ruwa, shafa ɗaya siririya, shi ke nan. Kuma kada a shanya shi a rana don ya yi saurin bushewa, ko a manta shi cikin rufaffiyar mota. Siraran sassa lanƙwashewa suke.

Akwai kuskuren da ba na hannu ba ne, na rashin sanin jirgin ne. Ɗan yayata ya taɓa kawo mini nasa, ya zuba masa launin sahara mai kyau, yana cewa, "Kawu, ai irin ƙasarmu na yi masa." Launin ya yi, amma hancin bai yi ba. Jiragen Ingila da aka tura yaƙin hamada a arewacin Afirka ana sa musu babbar matatar iska ta Vokes a ƙarƙashin hanci, kamar haɓa, don kada rairayi ya ci injin Merlin. In kwalinka ba shi da wannan sashe, yi masa launin Ingila: a 1940 kore mai duhu da ruwan ƙasa a sama, daga 1941 kore da ruwan toka. Na hamada shi ne ruwan ƙasa da ruwan rairayi a sama, shuɗi a ƙarƙashi.

Kuma wannan tarihi bai yi mana nisa ba. Daga Satumba 1940 Ingilawa suna kawo Hurricane cikin akwatuna ta teku zuwa Takoradi, a Gana ta yau, su harhaɗa su a can (kamar mu, sai dai nasu na tashi), su tuƙa su ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda ita ce Injamena, har Khartum da Alƙahira. Sun bi ta kudu da mu, don a lokacin Nijar tana hannun gwamnatin Faransa ta Vichy mai haɗa kai da Jamus, Cadi kuwa ta bi Janar de Gaulle tun Agusta 1940 a ƙarƙashin gwamna Félix Éboué. Duk sanda na haɗa Hurricane mai haɓa, nakan ce wataƙila irinsa ya sha mai a Kano.

Tambura ma suna da tarko, musamman gare mu da idonmu ya saba da na Faransa. Zoben Faransa shuɗi ne a tsakiya, ja a waje. Na Ingila ja a tsakiya, shuɗi a waje. A zanen jela na jirgin Ingila ja ke gaba. Wajen manna su kuwa, kuskuren shi ne ɗora su kan fenti mara sheƙi: iska takan maƙale a ƙarƙashi, gefen tambarin ya riƙa ƙyalli kamar azurfa. Shafa fenti mai sheƙi mara launi tukuna. Tsoma tambari ɗaya a ruwa mai ɗumi na ƴan daƙiƙu, ajiye shi har ya fara zamewa da kansa, tura shi wurinsa da jiƙaƙƙen burushi, danna da auduga. In ƙyallin ya riga ya fito, huda wurin da allura ka ɗiga farin gam da aka sirka da ruwa. Bayan an gama sai shafar ƙarshe mara sheƙi.

Na ƙarshe shi ne wuce gona da iri wajen tsufar da jirgi. Mutum ya ga hoton wani, sai ya mayar da nasa kamar motar da ta shekara goma a bayan tasha. Jikin waɗannan jirage alminiyam ne, ba ya jan tsatsa irin ta ƙarfe. Bututun hayaƙi kaɗai ke yin wannan launi. Bayan gangar jikin Hurricane kuwa yadi ne aka ja a kan firam, don haka ɗiga masa azurfa wai fenti ya ɓare, kuskure ne tsantsa. Ɓarewar fenti tana gindin fiffike inda matuƙi da makanikai suke takawa, da gefen murfin inji, kuma bakin fensir ya isa. Hayaƙi a bayan bututu, ɗan kwalli a busasshen burushi, a ja shi baya yadda iska take bi. Ƙura a tayoyi, jar ƙasar ƙofar gidanka, amma a tankaɗe ta da ƙyalle, don ƙwayar rairayi ɗaya a wannan ma'auni dutse ce.

Ƴan ƙananan da ake mantawa: fitilar bakin fiffiken hagu ja, ta dama kore, farfela baƙa mai rawaya a bakin kowane reshe, bakin bindigogi da jan ƙyalle ake toshe su kafin tashi, don haka ɗan jan murabba'i a gaban fiffike daidai ne. Wayar rediyo kuwa ba sai ka saya ba. Riƙe guntun sandar robar nan a saman kyandir har ta yi laushi, ja ta a hankali ta zama kamar gashi. Ita da farfela da ƙafafu a sa su a ƙarshen ƙarshe, bayan an gama juya jirgin a hannu. Nawa suna cikin kabad mai gilashi da makulli, tun ranar da autana ya gwada ko Spitfire zai iya tashi daga kan katanga.