Kafin ka danna afdet, ga yadda za ka gane ko tsofaffin manhajojinka za su biyo ka

Duk sanda sabon Android ko sabon iOS ya fito sai ka ji ana tambaya, wai manhajojin da ke cikin wayata za su ci gaba da aiki ko mutuwa za su yi? Gaskiyar magana mafi yawansu za su yi aiki lafiya lau, su WhatsApp da Facebook da na banki ba abin damuwa ba ne tunda akwai masu kula da su kullum. Matsalar tana wajen tsohuwar manhajar nan da mai ita ya watsar tun tuni, ƙamus ne ko littafi ko wasa ko wadda kake rubuta lissafin kuɗi a ciki, kai kuma ka saba da ita har ka manta rabon da ta canza.

Da farko ka tantance wane irin sauyi za ka yi, domin hawa daga Android 13 zuwa 14 daban, barin Android ka koma iPhone daban. In gida za ka sake gaba ɗaya to ka cire rai, manhajar Android ba ta hawa iPhone, ta iPhone ba ta hawa Android, sai dai ka nemo 'yar uwarta a can ka sauke sabuwa, kuma wadda ka saya da kuɗi a Play Store sai ka sake saye a App Store in dai ba rajistar asusu kake da ita da kamfanin manhajar ba. Masu BlackBerry sun ga haka a 2013 da BlackBerry 10 ta fito ta ƙi karɓar tsofaffin manhajojinsu, haka ma HarmonyOS NEXT, tsarin wayoyin Huawei da ya zo a 2024, ya daina karɓar fayil ɗin APK, wato fayil ɗin da ake saka manhajar Android da shi, kai tsaye. To duk mai sayen waya a kan sabon tsari ya fara bincika ko abin da yake amfani da shi kullum yana can.

In kuma a gida ɗaya kake, abu mafi sauƙi shi ne ka shiga Play Store ko App Store ka nemo manhajar da sunanta, ka duba ranar da aka yi mata afdet na ƙarshe. Wadda aka taɓa a cikin shekarar nan ko bara ba ruwanka da ita. Wadda ta shekara biyar shida ba a taɓa ba ka sa mata ido. In ka neme ta ma ba ka gan ta ba sam, wannan ita ce babbar alama, ma'ana in ta bar wayarka ba lallai ka sake samunta ba. Ka kuma leƙa ra'ayoyin mutane na baya-bayan nan a ƙasan shafin, in tana faɗuwa a sabon tsari za ka ga ana ta ƙorafi.

Sai maganar 32-bit da 64-bit, wato tsohon salo da sabon salo na ƙirar ƙwaƙwalwar waya da manhajojin da ke hawa kanta, wadda ta kashe tsofaffin manhajoji da yawa. Wayoyin da can 32-bit ne, iPhone 5s a 2013 ta fara zuwa da 64-bit, da iOS 11 ya fito a 2017 kawai Apple ya rufe ƙofa, duk manhajar da ba a sabunta ta ba ta daina buɗewa, tana nan a fuskar waya kana ganinta amma ba ta motsi. Google ya bi a hankali, daga Agustan 2019 ya ce duk sabuwar manhaja ko afdet da za a ɗora a Play Store sai da 64-bit, sannan Pixel 7 a 2022 ta zo ba ta karɓar masu 32 zalla, kuma sababbin manyan wayoyi da dama sun bi sahu. In kana da fayil ɗin APK a ajiye za ka iya dubawa da kanka, ka yi kwafinsa ka canza ƙarshen sunan zuwa zip ka buɗe, ka shiga folda mai suna lib. In ka ga arm64-v8a kana lafiya. In armeabi-v7a kaɗai ka gani to 32 ce, sabuwar waya na iya ƙin ta. In babu lib ɗin ma gaba ɗaya wannan matsalar ba ta shafe ta ba.

Akwai wani tarko kuma da mutane ba su cika sani ba. Android 14 ba ya bari a saka manhajar da aka gina don abin da ya gaza Android 6 na 2015, Android 15 ya ƙara ɗaga sandar zuwa Android 7. Amma fa wadda take cikin wayar tun kafin afdet ba a goge ta, tana nan zaune. Don haka in tsohuwar manhajarka ta tsallake, kada ka kuskura ka cire ta da niyyar sake sakawa, kuma kada ka yi wa wayar wankin da ke goge komai, domin ranar da ta fita ta fita ke nan. Haka in ka sayi sabuwar waya ka tura mata APK ɗin, tana iya cewa a'a.

Wani lokacin manhajar za ta buɗe amma rabin aikinta ya tafi. Tun daga Android 11 aka taƙaita yadda manhaja ke yawo cikin foldodin waya, shi ya sa tsofaffin masu sarrafa fayil suke nuna maka folda fayau alhali da kaya a ciki. Manhajojin naɗar kira ma da yawa sun koma naɗar shiru. Kafin ka yanke mata hukunci ka shiga saitin manhajar ka sake ba ta izinin da take buƙata, sau da yawa shi ke nan.

Ni a ganina bayanan da ke ciki sun fi manhajar kanta muhimmanci, kuma nan ne ya kamata ka ɓata lokacinka. Ka buɗe kowace tsohuwar manhaja ka nemi inda ake fitar da bayanai, ka fitar da su a tsarin da wata manhajar za ta iya karantawa irin PDF ko CSV (fayil ɗin jadawali), ka ajiye a kwamfuta ko Google Drive. In ba ta da wannan hanyar ko hoton allo ne ka ɗauka, ya fi babu. Na WhatsApp ka tuna na Android a Google Drive yake ajiya, na iPhone a iCloud, ɗaya ba ya karanta ɗaya, in daga Android za ka koma iPhone sai ka bi ta manhajar Move to iOS tun lokacin saita sabuwar wayar. Manhajar lambobin tsaro irin Google Authenticator kuwa ka tura asusunka zuwa sabuwar wayar kafin ka rabu da tsohuwar, in ba haka ba kana iya kulle kanka a waje.

Kuma kada ka ce bari in gwada in bai yi ba in dawo. A iPhone Apple kan rufe hanyar komawa tsohon iOS jim kaɗan bayan sabo ya fito, a Android kuma komawa baya sai an goge wayar tas, wasu wayoyin ma ba sa yarda. Ka kashe afdet mai yin kansa, ka ɗan jira makonni kaɗan masu gaggawa su gwada maka, amma ban da ƙin yi har abada saboda manhaja guda, tunda gyaran tsaro ta nan yake zuwa. In da wadda ba ka iya rabuwa da ita kuma babu madadinta, ka bar ta a tsohuwar waya ka cire asusun banki da imel daga ciki, ka riƙa amfani da ita ba tare da intanet ba.