Yadda za ka gane ko gyara ya kamata ko sauke inji a tsohuwar jif ɗinka

Bara Land Cruiser ɗina ƙirar 1996 mai injin 1FZ ta tafasa a Hawan Kibo muna dawowa Jos daga Abuja, kafin in samu gefen da zan faka allura ta kai ja. Washegari a gareji kowa sai cewa yake Alhaji a sauke kawai a ɗora na Beljiyam. Ban sauke ba, kuma har yau da shi nake shiga gona. Abin da ke damuna mutane na yanke hukunci tun ba a gwada komai ba.

Fara da hayaƙi, amma ka bari mota ta ɗumama tukuna don a sanyin Jos kowace mota tana fitar da farin tururi da asuba. Shuɗi na nufin tana cin baƙin mai, ko ringi ko sil ɗin bawul. Baƙi kuwa mai ne ya yi yawa, a duba nozul da filtar iska, wannan bai kai a taɓa inji ba. Fari mai kauri da ba ya ɗaukewa, ga ruwan lagireto na raguwa kullum, to gasket ne ko top silinda, wato kan inji, ya tsage. Zaro sandar baƙin mai ka gani, in ya koma kamar shayi da madara ruwa ya riga ya shiga.

Daga nan ka sa bakanike ya yi gwajin kwamfireshan, wato auna ƙarfin matsin da ke cikin silinda da geji, silinda ɗaya bayan ɗaya kana tsaye, ka rubuta lambobin da hannunka. In guda ta yi ƙasa da sauran da fiye da kashi 10 cikin 100 akwai magana, in biyu da ke maƙwabtaka suka faɗi tare galibi gasket ne ya ƙone a tsakaninsu, haka nawa ya kasance. Wanda ya ce shi da kunne yake ganewa ka gode masa ka nemi mai geji.

Sai a buɗe, kuma a nan ne maganar take. Abu uku za ka tsaya a kai, bulok da karanshaf da top. In bulok lafiya lau, karanshaf kuma zai gogu a sa masa metal, wato boris ɗin da yake juyawa a kai, daidai da shi, wallahi gyara ya fi, musamman injinan Toyota irin 1HZ da 22R da 5L waɗanda ba su da tarkacen wayoyi kuma kayansu na samuwa a Dilimi ko Apo. Amma in rodi ya fasa bulok, ko an taɓa gogar karanshaf har ta kai ƙarshe, ko wannan ne buɗewa na uku, haƙuri za ka yi ka sauke. Masu Pajero mai injin 4M40 ku sa a duba top ɗin nan da kyau, yana da saurin tsagewa in ya sha zafi.

Yi lissafi a takarda, ringi, metal, gasket, famfon baƙin mai, kuɗin guga, kuɗin aiki. Ɗaya gefen kuma kada ka rubuta kuɗin inji kaɗai, na Beljiyam ɗin ma tsoho ne ba ka san wahalar da ya sha ba, sai ka canza masa sil da bel da famfon ruwa.

In sauyin ne, ka sayi irin naka sak. Mayar da ta fetur zuwa dizal yana da daɗin faɗa a tsadar man nan amma giya, kujerun inji, wayoyi da layin mai duk sai an taɓa, kuma na ga motar da oksilarinta, wato giyar da ke sa tayoyi huɗu su ja, bai ƙara shiga daidai ba bayan irin wannan haɗin. Je da bakanikenka, a buɗe murfin sama da kaskon ƙasa a ga ko akwai dasƙararren mai ko garin ƙarfe, a juya karanshaf da sifana. Rasit ya ɗauki lambar inji da kwanakin gwaji, sannan ka je a gyara lambar a takardun mota kafin a tare ka a hanya.

Ko wanne ka zaɓa kada mota ta bar gareji sai an wanke lagireto, an duba fanka, an mayar da tamostat in an cire. Kilomita 1,000 na farko a hankali, ba lodi, sannan ka juye baƙin mai.