Ku ajiye lokaci da UTC, burauza ta juya shi

'Yan uwa masu haɗa manhajojin intanet, don Allah ku daina ajiye lokaci da agogon garinku. Ku adana shi da UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya, ku tura shi da harafin Z a ƙarshe (alamar cewa lokacin UTC ne), burauzar kowa ta mayar masa da shi agogonsa da umarnin JavaScript mai suna toLocaleString.

Na taɓa sa darasi ƙarfe 8 na dare agogon Kano, ɗalibina na Accra ya shigo ana tashi, domin suna bayanmu da awa ɗaya. Abin ya dame ni ƙwarai.

Landan ta fi rikitarwa: daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogonmu ɗaya, sauran watanni suna baya da awa guda. Don haka, bayan UTC ɗin, ku adana sunan yankin ma, kamar Europe/London, ba +1 kawai ba.